Shafi na Talatin da Ɗaya

Farfesa Zaharadden ya warware ƙyallen ne don burga kawai. Da ya haƙura da burgar, da sai a birnin Oslo zai gane an yi masa sata.

Ranar Asabar ce bayan la'asar, a gidansa da ke hawa na uku a unguwar Sharafiyya ta Jidda. Akwatuna biyu na buɗe a tsakar falo. Ya kira Malam Ya'u wai su yi sallama, amma Ya'u ya san irin sallamar: a zaunar da kai, a nuna maka abin da ba ka samu ba. Shekara arba'in ke nan ana nuna masa. Tun a Zariya su biyu suka nemi gurbin karatu guda a Norway. Zaharadden ya samu. Ya'u ya samu wasiƙar ban haƙuri, daga baya kuma ya samu teburi a wani ofishin fassara a Jidda, inda yake juya takardun asibiti daga Larabci zuwa Turanci, yana karanta littattafan da wasu suka rubuta.

"Zo ka gan shi kafin ya koma garinsu," in ji Farfesa, yana zare igiyar da ke ɗaure da ƙunshin.

Ya warware ƙyallen. Ya juya abin da ke hannunsa, ya sake juyawa.

"Wannan ba shi ba ne."

Duk wanda ya taɓa zama minti goma da Farfesa ya san labarin littafin. Bayan yaƙin duniya na biyu jam'iyyar kwaminis ta Norway ta dare gida biyu. Akwai waɗanda suka zauna a ƙasar suka yi wa Jamusawa yaƙin sunƙuru, akwai kuma waɗanda suka dawo daga ƙasashen waje da goyon bayan manya. Masu dawowar suka kori masu zaman, suka kira su maciya amana. A wani ƙaramin garin masunta, wata mata mai suna Gunvor ce sakatariyar reshen, ita ke rubuta abin da aka yi a kowane taro. Da ta tsufa sai ta ba ɗalibin nan ɗan Afirka littafin, don shi kaɗai ya zo ya tambaye ta. A kan wannan littafi Zaharadden ya gina sunansa. Yanzu kwalejin da yake koyarwa a Jidda ta ƙi sabunta kwantiraginsa, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, saura kwana tara. Wani gidan adana tarihi a Oslo ya ba shi kujera ta shekara biyu, da sharaɗi ɗaya: ya zo da littafin Gunvor na ainihi. Jirginsa ranar Alhamis ne.

"A kira 'yan sanda?" Ya'u ya tambaya, alhali ya san amsar.

"Ka haukace? Littafi mai guduma da lauje a bango, tambarin kwaminis? In zauna in yi wa jami'i bayanin abin da ya sa na ajiye shi shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan?" Farfesa ya zube a kujera. "Idan na sauka Oslo babu shi, cewa za su yi na sayar. Ya'u, ba ni da inda zan koma sai ɗakin baƙi a gidan surukina."

Wani abu mai zaƙi ya ratsa ƙirjin Ya'u. Ya ji kunyarsa, amma ba sosai ba. Marigayiya Shatu, matarsa, takan ce Zaharadden mutum ne mai sa'a. Ba ta taɓa faɗa da wata manufa ba, abin da ya sa maganar ta fi ciwo ke nan.

"Miƙo shi nan," ya ce.

Kwafi ne da aka yi da na'ura, shafi-shafi, a takarda mai kauri. An yanke ta daidai girman littafin, an ɗinke da baƙin zare da hannu, an yi mata bango da kwali. Nauyin ma ya yi daidai. Ya'u ya buɗe kamar yadda ake buɗe littafin boko, sai ya tarar da shafin ƙarshe. Ɗinkin a dama yake. Ya juya ya buɗe ta ɗaya ɓangaren, ya bi lambobin da Gunvor ta sa a ƙasan shafukan. Goma, sha ɗaya, sha biyu, talatin da ɗaya, sha uku.

"Me ke shafi na talatin da ɗaya?"

Ko a cikin tashin hankali, muryar Farfesa sai da ta koma ta aji.

"Sakamakon ƙuri'ar da aka kori mutum tara. Sha bakwai da tara. Ka ga wannan tabon? Gahawa ce ta zube a shafi na sha biyu, ta ratsa zuwa takardar da ke ƙarƙashinsa. Amma tabon bai fito a sha uku ba, a talatin da ɗaya ya fito. Ma'ana takardar nan a bayan sha biyu take tun asali, aka warware littafin aka mayar da ita gaba, sannan aka sa lambobi. An rubuta sakamakon ƙuri'ar mako uku kafin a kaɗa ta. Wannan shi ne babi na huɗu na littafina, shi ya sa Oslo ke nemana."

"Wa ya san da wannan?"

"Ni. Da Dakta Munir, da yake ya taya ni rubuta maƙalar farko."

"Wa ke shigowa gidan nan?"

"Mastura mai aiki. Munir, yana zuwa ɗaukar littattafan da zan bar masa. Sai Abdulwahid, mai bin mini takardu a ofisoshi, shi ne kuma ke buga mini rubutu. Matata Hajiya ta koma Kaduna da kaya tun watan jiya."

"Yaushe ka ga na ainihin?"

"Mako biyu."

Ya'u ya sa kwafin a jakarsa. Bai ce zai taimaka ba. Shi kansa bai sani ba tukuna.

Mastura ta zo da safiyar Lahadi. Haifaffiyar unguwar Mahjar ce a nan Jidda, ta haura hamsin, Hausarta rabi Larabci ce. Da ta ji abin da ya faru sai ta ajiye tsintsiya ta dafe ƙirji.

"Wallahil azim, ya ammi, ni da wannan ƙunshin ko ƙura ba na share masa. Duktur Zaharadden ya ce kar a taɓa, halas, ban taɓa ba."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Littafin wata ajuza ce, tsohuwa tukuf, Allah ya sa ta huta. Na ɗauka addu'o'insu ne."

Ya miƙa mata kwafin. Ta buɗe shi ta dama ba tare da ta lura da komai ba, ta kalli rubutun a juye, ta mayar masa kamar yana da zafi.

"Ni ko sunana da waɗannan haruffan ban iya ba. Sau ɗaya tak littafin nan ya kusa jawo mini masifa."

"Yaushe?"

"Shekara uku, ko huɗu. Ina kicin na ji ana ihu, gahawa, gahawa! Na ce shi ke nan, sun ga tabo za su ce ni ce. Na fito a guje, sai na tarar Abu Razan ne yake tsalle kamar yaro, ya ɗaga takarda sama yana haska ta da taga, yana cewa shuf ya Duktur, shuf! Duktur kuma yana cewa me zan gani? Sai da ya nuna masa sau uku."

"Abu Razan shi ne Abdulwahid?"

"Shi fa. Tun ranar ban sake ganin ya yi dariya irin wannan ba."

Ya'u ya gode mata. Matar da ba ta san sama da ƙasan shafi ba, ba za ta zaro talatin da ɗaya ta ajiye shi bayan sha biyu ba.

Dakta Munir ya same shi a wani gidan abinci kusa da kwalejin ranar Litinin da azahar. Mutumin Gombe ne, shekararsa arba'in da 'yan kai, yana da fuskar wanda aka daɗe ana yi wa alkawari.

"Ai na san za a zo kaina," ya ce kafin Ya'u ya gama zama. "Malam, bari in sauƙaƙa maka. Na rubuta rabin maƙalar nan. Da ta fito, sunana yana ƙasa a cikin godiya, tsakanin matarsa da ma'aikatan laburare. Idan ƙiyayya ce shaida, ka ɗaure ni."

"Ƙiyayya ba shaida ba ce. Da ita ce, da ni za a fara ɗaurewa."

Munir ya yi dariya ba da son ransa ba.

"Ka taɓa zama kai kaɗai a ɗakin karatun?"

"Sau biyu. Ina haɗa littattafai a kwali."

Ya'u ya tura masa kwafin a kan tebur. Munir ya goge hannunsa, ya buɗe ta hagu, ya yamutsa fuska, ya juya.

"Wane jahili ne ya ɗinke wannan a baibai?" Ya bi shafukan da yatsa, ya tsaya. "Amma ba jahili ba ne. Ya mayar da talatin da ɗaya mazauninsa."

"Kai ka gano tabon?"

"Oga ya ce shi ya gano. Da na zo aikin na tarar an riga an gano." Ya tura kwafin baya. "Ka ga, Malam, Oga ya ce idan ya zauna a Oslo zai nema mini gayyata ta wata uku. Ban yarda da shi ba, amma wannan ƙaryar ce kaɗai nake da ita. Idan littafin bai isa can ba, ita ma na rasa ta."

Wannan gaskiya ce, kuma Ya'u ya gane ta don ya san ɗanɗanonta. Ya ga kuma yadda hannun Munir ya nufi hagu kai tsaye. Hannu ba ya shirya ƙarya da saurin baki.

Ofishin Abdulwahid wani ɗan ɗaki ne a bayan masu sayar da yadi a unguwar Bab Makka, cikin tsohon garin Jidda. Daga ƙasa har rufi korayen fayiloli ne, irin waɗanda ake kai wa kowace ma'aikata a ƙasar nan, kowanne an huda takardunsa ta dama an ɗaure tsaf. Mutumin siriri ne mai furfura, shekara sittin, yana sanye da farin tobe mai guga. Aikinsa bin takardun mutane: iƙama, biza, canjin kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo. Shekara arba'in yana tsayawa a layi a madadin waɗanda suka fi shi.

"Ahlan, ya Ustaz Ya'u. Iƙamarka ce ta kusa?"

"Tawa da saura, Abu Razan. Wani aiki na kawo maka ka duba."

Ya ɗora kwafin a gabansa. Abdulwahid bai taɓa shi ba. Ya dube shi kawai, sannan ya dubi Ya'u.

"An buɗe da wuri," ya ce.

"Don burga."

"Ai ban yi wannan lissafin ba." Ya cire tabarau ya ninke. "Yalla, faɗa mini yadda ka zo nan. Ina son in ji inda na yi kuskure."

Ya'u ya jawo kujera.

"Ɓarawon da ke son abin duniya tsohuwar jarida zai naɗe a ƙyallen, ya yi gaba. Wanda ya yi wannan yana son a karanta abin da ya bari. Na fara tunanin wani ya kai shagon kwafi, yaran shago suka ɗinke ta dama kamar yadda suka saba. Amma babu mai hankali da zai miƙa littafi mai guduma da lauje a shago a garin nan, kuma shago ba ya ɗinki da zare. Ke nan mai satar da kansa ya ɗinke, kuma hannunsa ya saba da takardun Larabci har bai ga abin da ya yi ba. Munir ɗan boko ne, da ya buɗe sai da ya zagi mai ɗinkin. Mastura ta dama take buɗewa, amma ba ta san harafi ɗaya a ciki ba. Saura mutumin da hannunsa na Larabci ne, kansa kuma ya san Gunvor." Ya nuna fayilolin da ke bango. "Dubu nawa ka huda ta dama a rayuwarka?"

Abdulwahid ya kalli ɗinkin, ya daɗe yana kallo.

"Subhanallah. Kwana huɗu ina aikin nan, na auna shi har a sikelin mai zinariya. Ban gani ba."

"Da ka bar shafukan yadda suke ma, da na ɗan yi shakka. Amma ba ka iya barin talatin da ɗaya a inda maƙaryata suka sa shi ba. Wanda aka gaya wa abu ba ya damuwa haka. Sai wanda ya gano."

"Mastura," in ji Abdulwahid.

"Ta ɗauka ita za a zarga da gahawar."

Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya mutu nan take.

"Ka san yadda na koyi yarensu, ya Ustaz? Da ƙamus, ina buga masa rubutu. Kalma-kalma, shekara goma sha ɗaya. Shi yana karanta abin da takarda ta ce. Ni aikina ke nan tun ina saurayi, in duba takarda in ga inda aka taɓa ta, don idan ban gani ba jami'i zai gani ya jefo mini ita. Shekara talatin littafin yana hannunsa bai taɓa ɗaga shafi ya haska da rana ba. Da babi na huɗu ya zo, ni na buga shi da yatsuna. Na buga inda ya ce, wata rana da yamma na lura da wani tabo. Na lura! Na buga, na gyara masa waƙafi, na ce mabruk ya Duktur."

"Sai ka so ya buɗe ƙunshin a gaban mutanen Oslo."

"Na so su ga fuskarsa. Su tambaye shi wa ya jera shafukan haka, ya rasa abin cewa." Ya juya tabarau a hannunsa. "Kakana da ƙafa ya zo daga Haɗeja, shekara bakwai a hanya. A nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, kowace shekara ina sabunta iƙama kamar wanda ya sauka jiya. Ban taɓa wuce Madina ba. Shi ya zo a jirgi, zai tafi a jirgi, ni na buga masa takardar fita. Mutum taran nan na san sunayensu duka. Su suka kwana a dusar ƙanƙara shekara biyar, aka kashe 'yan'uwansu. Waɗansu suka dawo da kwat masu kyau suka rubuta sakamakon tun kafin a zauna. Ita Gunvor da hannunta ta rubuta, mijinta kuma yana cikin taran. Ka san wannan? Ba ya cikin littafin Duktur. Bai lura mijinta ne ba, don ita ta koma sunan gidansu."

Ya'u bai sani ba. Ya ji haushin rashin sanin, ya ji kuma wani sabon kishi, wannan karon na mutumin da ke gabansa.

"Ina yake?"

Abdulwahid ya tashi ya hau kujera, ya zaro koren fayil guda daga cikin ɗaruruwa. An rubuta Gunvor a gefensa da haruffan Larabci. Littafin na ciki, an naɗe shi da farar takarda mai laushi, ba a huda ko ɗaya ba.

"Za ka gaya masa?"

"Zan gaya masa."

"Halas. Ni ma na gaji."

Littafin ya kwana biyu a ɗakin Ya'u. Farfesa ya kira sau goma sha ɗaya, bai ɗauka ba. Ya ajiye littafin a kan teburin da Shatu take yanka albasa, yana wucewa yana kallonsa. Babu wanda ya san yana hannunsa sai mutum ɗaya, shi kuma ba zai yi magana ba. Shiru kawai zai yi har jirgin Alhamis ya tashi, mai sa'a ya koma ɗakin baƙi a gidan suruki. Ya yi ta juya abin a ransa, kuma ba zai ce bai ji daɗinsa ba. Abin da ya hana shi ba tausayin Zaharadden ba ne. Idan littafin bai je Oslo ba, babu wanda zai taɓa sanin wa ya ɗaga shafin nan ya haska da taga.

Ranar Laraba da hantsi ya hau benen Sharafiyya. Farfesa ya rame a kwana huɗu. Ya'u ya zauna, jakar na kan cinyarsa, ya faɗa masa komai daga ɗinkin har zuwa koren fayil.

"Abdulwahid? Mutumin da na riƙe kamar ɗan'uwa? Wallahi sai na sa an..."

"An me? Ka kira 'yan sandan?"

Farfesa ya haɗiye sauran maganar. Ya miƙo hannu.

"Ba ni."

"Buɗe na'urarka tukuna. Ka rubuta wa mutanen Oslo cewa shafi na talatin da ɗaya ba kai ka gano shi ba. Ka faɗi wanda ya gano, da sana'arsa, da garin da yake. Ka ce akwai abin da ya sani game da mijin Gunvor wanda kai ba ka sani ba, su rubuta masa su tambaye shi. Ka aika ina gani."

"Wane miji? Ya'u, kashe ni kake son yi. Babi na huɗu shi ne ni."

"Za su karɓe ka duk da haka, littafin suke so. Ƙanƙancewa kawai za ka yi kaɗan. Ana rayuwa a haka, ni shaida ne."

"Hassada ce ke cinka tun Zariya."

"Ƙwarai. Ita ta sa na gane aikin ɗan'uwana da na gan shi. Rubuta."

Farfesa ya zauna gaban na'urar. Ya buga layi uku da yatsa biyu, a hankali, kamar wanda bai saba buga wa kansa rubutu ba. Sai ya tsaya. Ya kalli allon, ya kalli rufi.

"Abdulwahid wa?" ya ce. "Mene ne sunan mahaifinsa?"

Ya'u ya san sunan, ya gan shi a jikin lasisin da ke rataye a bangon ofishin. Ya gyara jakar a cinyarsa.

"Bab Makka, bayan masu yadi. Yana nan har azahar. Je ka tambaye shi da bakinka, littafin yana wurina har ka dawo."

Farfesa ya dube shi. Sannan ya sunkuya yana laluben takalmansa a ƙarƙashin akwati.